Tsohuwa da Ɗakinta: Waiwaye a Birnin Shehu

Akwai wata rigima wadda ba a kai ta gaban alƙali, amma da wuya a sami zuriyar da ba ta taɓa ɗanɗana ta ba a birnin Sakkwato, ita ce rigimar tsohuwa da 'ya'yanta a kan tsohon gida. Ɗa ya sami buɗi ya yi gininsa na bulo a Mabera ko Arkilla ko Gawon Nama, ya ware wa mahaifiyarsa ciki da falo har da famfo da fanka, ya zo cikin gari ya durƙusa ya ce, "Inna, ki taso haka nan, gidan nan ya gaji." Ita kuwa sai ta kawar da kai ta ce, "Ni ba ni zuwa ko'ina. Nan anka kawo ni amarya, nan za a hidda gawata." Alhali kuwa katangar bayan ɗakinta ta tsage, indararo ya karye tun bara, gara ta ci ƙyaure, ga shi ita kanta guga ma ya fi ƙarfin hannunta.

Da yawa daga cikinmu, musamman mu matan 'ya'ya, sai mu yanke hukunci a take mu ce ai rigimar tsufa ce kawai. To amma kafin mu yanke, yana da kyau mu waiwaya mu dubi yadda gidajen wannan birni suka faro, da waɗanda suka tsufa a cikinsu, da kuma hannuwan da suka riƙe su. Domin kuwa maganar ta girme mu, ta girmi kakanninmu.

Shi dai birnin Sakkwato, Muhammadu Bello ɗan Shehu ne ya kafa shi a 1809, a kan tudu kusa da inda gulbin Rima da gulbin Sakkwato suka haɗu. Shi kuwa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, bai sami irin zaman nan na wuri ɗaya da tsofaffinmu suke taƙama da shi ba. Ya bar gidansa na Ɗagel ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, yana da kusan shekara 50 a duniya. Daga nan aka yi ta yawon yaƙi da yunwa, ya zauna Gwandu, ya zauna Sifawa, sai a 1815 ya tare a Sakkwato, a gefen da ake kira Sabon Birni, shekarunsa sun kai 60. Shekara biyu kacal ya yi a wannan gida, ciwo ya kama shi, ya rasu a 1817, aka rufe shi a cikin gidan nasa. Wannan gida shi ne Hubbaren Shehu da ake ziyarta har gobe.

Kin ga ke nan darasi na farko. Dattijo mai shekara 60 ya yarda ya tashi ya koma kusa da ɗansa, kuma ɗan bai ɗauko shi shi kaɗai kamar an tsige reshe ba, da iyalinsa da almajiransa da jama'arsa ya taso. Ki riƙe wannan a zuciya, za mu komo kansa.

Yanzu bari mu dubi yadda ake gina gida a wancan zamani, domin a nan asirin maganar yake. Idan kaka ta wuce aka kai amfanin gona rumbu, sai a haƙo ƙasa a kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa da kashin doki, a tattaka, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. A cura tubali da hannu a shanya a rana. Magini ya hau bango, ana jefa masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa yana cafewa yana jerawa. Idan an kai rufi sai a kawo azara, wadda ake tsagowa daga giginya, an fi son ta namiji don ta fi ƙwari kuma gara ba ta cika cinta ba. A jera ta, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a sa indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Sa'an nan a yi yaɓe, masu hali su sa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ko su sa katsi na marina, don ruwa ya riƙa zamewa. Daɓen tsakar ɗaki kuwa aikinmu ne mu mata. Maƙwabta su taru kowacce da madaɓinta, a zuba birji a yayyafa makuba, ana bugu ana waƙa har ƙasa ta yi sumul kamar an shafa mata mai.

Irin wannan gida yana da daɗin zama ƙwarai. A watan Afrilu da zafin Sakkwato yake wuce digiri 40, cikin soro da sanyinsa. Da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. To amma yana da sharaɗi guda, ba ya yarda a manta da shi ko da shekara ɗaya. Duk bazara kafin ruwan farko sai an hau rufi an toshe tsaga, an share bakin indararo, an cike gindin katanga inda ruwan bara ya zaizaye. In aka yi sakaci shekara guda zai yi yoyo, in aka yi biyu azara ta jiƙa, in aka yi uku sai a wayi gari da tsakar watan Agusta a ji rugum. Wato gidan ƙasa kamar jariri ne da ba ya girma, kullum yana neman hannu. Saboda haka duk wanda ya tsufa a cikin gidansa a zamanin da, ba ƙarfinsa ne ya zaunar da shi ba, yawan hannuwan da ke kewaye da shi ne. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna da shaidar wannan a rubuce daga bakin baƙi biyu. Na farko wani Bature ne mutumin Birtaniya mai suna Kilafatan, wanda ya zo Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Bello, aka sauke shi a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u 'yar Shehu. Ya tarar Giɗaɗo yana gina masallaci da dukiyarsa, babban maginin kuwa mutumin Zazzau ne. Baturen nan ya sake dawowa, ajali ya riske shi a Sakkwato a 1827. Bayan shekara 26 sai ga wani kuma, Bajamushe, mai suna Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu. Ya shigo birnin a 1853, ya zaga ya ga abin da ya gani ya rubuta.

Abin da ya gani shi ne abin lura. Ya tarar gidan sarauta da unguwar da ke kewaye da shi sun lalace matuƙa. Me ya sa? Saboda Bello tun da ransa ya fi zama a ribaɗinsa na Wurno, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake, kuma ɗansa Aliyu Babba da ke kan gado a lokacin shi ma a Wurno ya fi zama. Fada ta bi sarki, barori sun bi fada, gida ya rasa mai hawa rufinsa. Amma da ya je gidan Giɗaɗo sai ya tarar da shi a tsaye cikin kyakkyawan hali, ya kuma faɗi dalili, ya ce ɗansa Abdulƙadir yana girmama mahaifinsa girmamawar da ba za ta bar shi ya ƙyale gidan ya rushe ba.

Allah sarki! Ki duba fa 'yar uwa, ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya, gari ɗaya. Gidan mai mulkin daula ya zube, gidan wazirinsa yana nan. Ashe ba dukiya ke riƙe gini ba, zama ne da kulawa. Gaskiyar masu iya magana da suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Shi Giɗaɗo ya yi tsawon rai bayan amininsa Bello. Ya sauka daga aiki, wazirci ya koma hannun ɗansa Abdulƙadir, ya zauna yana rubuta tarihin Shehu da na Bello da wuraren da suka zauna, har ya rasu a 1851 yana dattijo tukuf. Unguwar da gidansa yake ita ce Giɗaɗawa ta yau. Abdulƙadir ɗin nan da Bature ya yaba kuwa, ɗan Nana Asma'u ne na cikinta, kuma lokacin da ake wannan yabo tana raye, tana da shekara 60. To wa kike jin ya koya masa ganin girman gidan ubansa? Uwa ita ke sa wa ɗa son gida ko ƙinsa tun yana goye.

Ita Nana Asma'u an haife ta a 1793, ta ga hijira tana yarinya, ta ga yaƙi, ta ga ginin birnin tun daga tubalin farko, ta rasu a 1864 aka rufe ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Abin da ya shafi maganarmu a cikin tarihinta shi ne yadda ta ɗauki tsofaffin mata. Da ta tashi kafa 'yan taru don karantar da matan ƙauyuka, ta san matan aure masu goyo ba za su iya barin ɗakunansu su yi tafiyar kwana da kwanaki ba. Sai ta zaɓi dattijai mata waɗanda suka gama haihuwa, ta naɗa su jaji, ta ba kowacce malfa da rawani. Jaji ta taso daga ƙauyensu da rani, ta haɗo tsofaffi 'yan uwanta da 'yan mata ƙanana, su zo wurin Nana su ɗauki karatu a waƙe, su koma su koya wa na gida. Ba hannu sake suke zuwa ba, suna riƙo hatsi da zuma da man shanu da zare, a karɓa a raba wa mabuƙata. A garuruwansu kuma an san su da jinyar marasa lafiya da wankan gawar mata da sharar masallaci.

Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ɗauki ragamar. Mutanen Kano sun san Maryamu, domin ita ce 'yar Shehu da ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Da ya rasu a 1846 ba ta zauna cikin daular gidan Dabo ba, ta komo Sakkwato, ta tsufa tana karantarwa. Gidan Shehu ya zama matattarar 'yan taru, mata dattijai suna karɓar baƙi mata masu ziyara, ana kawo sadaka ana rabawa. Kin ga a wannan tsari tsohuwa ba kaya ba ce da ake neman inda za a ajiye. Tana da aiki, tana da masu sallama da ita, kuma ƙafafun masu zuwa wurinta su ne suke hana ciyawa tsirowa a ƙofar gidan.

Akwai ma wata riba da muka ci daga wannan zama. Jikan jikan gidan ba su watse sun bar shi ba. Waziri Junaidu, ɗan Waziri Buhari, wanda aka haifa a 1906 ya zama waziri a 1948, a Giɗaɗawa ya yi zamansa cikin littattafansa har ya rasu a 1997 yana da shekara 90. A hannunsa aka sami takardun waƙoƙin Nana Asma'u a adane, har wata Baturiya mai suna Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta yi nazarinsu, ita da abokiyar aikinta suka buga su cikin littafi guda a 1997. Da an bar gidan nan shekara uku babu mai duba rufi, da ruwa da gara sun gama da takardun, da yau ba mu san abin da uwarmu ta rubuta ba. Tsohon gida rumbu ne, ba ka sanin abin da ke cikinsa sai ya zube.

Ranar da aka fi gwada mutanen birnin nan a kan zama ko tashi kuwa ita ce 15 ga Maris 1903, ranar da sojan Turawa suka ci Sakkwato bayan karon da aka yi a Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da niyyar hijira, jama'a masu ɗimbin yawa suka bar gidajensu da gonakinsu suka bi shi, har ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Waziri Buhari kuwa ya tsaya a Marnona da sauran jama'a, ya yi shawara da malamai, suka ga idan kowa ya tafi wa zai tsaya wa raunana waɗanda ba su iya tafiya? Sai ya komo birni da su. Waɗanda suka tafi suna da hujjarsu, waɗanda suka zauna suna da tasu, kuma har yau ba a zagin kowane ɓangare. Ashe tashi ba cin amana ba ne, zama kuma ba wauta ba ne, kowanne da lokacinsa.

To daga nan ne hannuwan da ke riƙe da gidaje suka fara raguwa, a hankali a hankali. A faɗi gaskiya komai ɗacinta, manyan gidajen birni na wancan ƙarni da ƙarfin bayi da kuyangi ake ɗebo musu ƙasa da ruwa da itace. Turawa suka yi doka cewa duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bauta gaba ɗaya. Wannan alheri ne, ba mai hankalin da zai yi kukan wucewarsa. Sai dai gidan da aka gina don mutum hamsin, ya koma yana jiran mutum goma. Talakawa kuwa da ma da gayya suke yi, yau a yi yaɓen gidan wane, gobe na wane, a dama fura a sha a watse. Da kuɗi suka shiga tsakanin mutane, gayya ta ja baya, aka koma sai lebura da jinga.

Sa'an nan kwanon rufi ya shigo, siminti ya biyo baya. Kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki a 1967, shekarar da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma. Aka buɗe jami'a a 1975, aka yi Jihar Sakkwato a 1976, ma'aikata suka yawaita, gari ya tsallake ganuwa ya bar su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya da Ƙofar Atiku a tsakiya. 'Ya'yan da suka yi boko aiki ya kai su Kaduna da Ikko, daga baya Abuja. Da aka cire Kabi a 1991 da Zamfara a 1996, wasu suka bi aikinsu zuwa Birnin Kabi da Gusau. 'Ya'ya mata kuwa da ma na gidan wani ne. Amaren zamani kuma, mu ke nan, kowacce tana son gidanta ita kaɗai, ba ta son zaman gandu da uwar miji da faccaloli. Ban ce laifi ne ba, amma ki lissafa ki gani, wa ya rage a babban gida? Tsohuwa, da wata 'yar jika da aka ba ta riƙo, da ɗakuna shida a kulle.

Shi kuma gyaran zamani ya zo da nasa sharrin. Da yawa sun ɗauka in an shafe bangon ƙasa da siminti an huta ke nan har abada. Alhali siminti ba ya kama ƙasa da kyau, yakan tsage, ruwa ya shige ta baya ya kasa fita, ya yi ta cin bango a ɓoye, waje fes ciki ruɓaɓɓe, sai ran da zai ɓamɓaro gaba ɗaya. Kwano ya hana yoyo amma ya mai da ɗaki tanda da bazara, iskar farkon damina kuma ta yaye shi. Maginan gargajiya da suka san kan azara sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo. Ga unguwanni sun cushe, maƙwabci ya yi cikon ƙasa ya ɗaga gininsa, ruwansa ya koma gangarowa gidan tsohuwa. Wanda ya ga ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta cinye garuruwa a bakin gulbin Rima har ta yanke hanyar shiga jami'a, ya san abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa.

To me ya sa duk da haka Inna take ƙin tashi? Ki zauna da ita ki saurara da kunnen basira. A cikin gari ita ce Inna ta kowa. Haihuwa in an yi a unguwa ita ake fara gaya wa, ita ke duba wankan jego, ita ake kai wa ƙarar miji da mata ta sasanta. Ta san muryar ladanin masallacinsu, ta san sawun mai tallan fura. Tana da 'yar sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko daddawa ko kaɗi, tana da adashinta, ba ta roƙon kowa kuɗin goro. Ko idonta ya yi rauni ƙafarta ta haddace kowane tudu da kwari na tsakar gidan. A ɗakin can ta haifi 'ya'yanta, a gindin bishiyar can aka yi wa maigidanta wanka. Idan kika ɗauke ta kika kai ta bayan dogon bango da ƙofar ƙarfe da maigadi, inda maƙwabci bai san maƙwabci ba, kowa ya fita aiki ya bar ta da talabijin, kin ba ta fanka kin karɓe mata duniya. Shi ya sa za ki ga tsohuwa mai kuzari an kai ta gidan hutu, wata uku ta zama kamar ba ita ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san inda yake masa daɗi.

Sai kuma maganar da ba a son faɗa, maganar gado. Mace ta yi shekara 50 a gida, ita ta yi daɓensa, da kuɗin sana'arta aka sa kwanon wani ɗakin. Maigida ya rasu, ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma a ɗakinta kamar yadda shari'a ta ce. Rabonta tumuni ne in akwai 'ya'ya, in kuma suna da yawa su raba tumunin nan tsakaninsu. Ana share makoki sai wani cikin magada ya ce a sayar a ba kowa nasa, don filin cikin gari ya yi tsada. Haƙƙinsa ne, ba mai hana shi. Amma haƙƙi daban, kyautatawa daban. Magada suna iya yarda a tsakaninsu a jinkirta, ko a fitar wa tsohuwa da sashenta a cikin rabon 'ya'yanta, ko mai hali a cikinsu ya sayi rabon sauran ya bar ta a ciki. Maigida ma tun yana da rai da lafiya yana iya zuwa wurin malamai su nuna masa hanyar da shari'a ta yarda da ita, a rubuta a sa shaidu. Kunyar yin wannan magana tun da wuri ita ta jefa tsofaffi da yawa yawon gidajen 'ya'ya, wata biyu nan wata biyu can, da ƙullin kayansu a hannu.

Saboda haka 'yar uwa, idan Allah ya haɗa ki da uwa ko uwar miji mai ƙin tashi, ga abin da tarihin nan ya koya mana. Kada a tsaya jayayya da ita, a mayar mata da hannuwan da zamani ya ɗauke. Ba dole sai an gyara gida duka ba. A zaɓi ɗakinta da madafi da makewayi a yi musu aiki mai ƙwari, ɗakunan da suka mutu a sauke su da gangan tun ba su faɗo wa wani ba. A sa ido a kan lokaci, gyaran gidan ƙasa na watan Maris da Afrilu ne, wanda ya bari sai hadari ya haɗu ya makara. 'Ya'ya su yi asusu kamar adashi, kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk wata, don kada nauyi ya faɗa kan mutum ɗaya ya gaji ya fara ƙorafi. A rufe bakin rijiya, a kawo mata ruwa kusa, a rage tsayin dokin ƙofa, a sa fitila a hanyar makewayi, domin faɗuwa ɗaya ta ishi ƙashin tsoho. Ɗakunan da ke da sauran ƙarfi a sa mutanen kirki a ciki, ɗan uwa mai sabon aure ko bazawara mai 'ya'ya, ko da ba za su biya ko kwabo ba, motsinsu da jin tarinta da dare ya fi kuɗin haya.

Ke kuma matar ɗa, ki sani kalmarki tana da nauyi a wannan wuri. Idan maigida ya ce zai kai buhun siminti cikin gari, kada ki tsuke fuska ki ce ga kuɗin makarantar yara. Ke ce ma ya kamata ki tuna masa tun sanyi bai wuce ba. Ki tura yara su kwana wurin kakarsu ran Alhamis, su yi mata shara su ɗebo ruwa su sha tatsuniya. Zumunta a ƙafa take. Yaron da ya saba hawa rufin kakarsa yana share indararo, shi ne gobe zai hau naki.

Amma fa kada mu rufe ido. Akwai ranar da zama yake zama ganganci, ran da bango ya rabu da bango, ko ciwo ya kwantar da ita, ko mantuwa ta kama ta har tana barin wuta a murhu ta yi barci. Rai ya fi gini. In wannan rana ta zo, sai a tuna da yadda Shehu ya taso daga Sifawa, wato a taso da mutum tare da jama'arsa gwargwadon iko. Kada a yi mata dabara a ce za a kai ta asibiti ne a zarce da ita. A sa wanda take jin nauyinsa ya yi mata magana, a ba ta lokaci ta yi sallama da maƙwabta. A ɗauko gadonta da tabarmarta da tasoshinta da 'yar jikar da ta saba da ita, ko da ba su dace da adon sabon gida ba. A riƙa kai ta unguwarsu suna da biki da gaisuwar mutuwa, a buɗe wa ƙawayenta ƙofa in sun zo. Kuma in da hali kada a sayar da gidan tana raye, ta san dai yana nan. Alƙur'ani mai girma a cikin Suratul Isra'i ya yi mana horo a kan iyaye, ya kuma ambaci lokacin tsufansu musamman, don Mahalicci ya san a nan ne haƙuri yake ƙarewa.

Daga ƙarshe, ke amarya da kike jere yau, kina goge kwalla da tangaran kina jin kamar ƙarfin nan naki ba zai ƙare ba, ki sani kowace tsohuwa da kika gani a cikin gari ta taɓa zama amarya. Abin da zai zaunar da ke a ɗakinki ran da gwiwa ta ƙi, ba bulo ba ne ba kuma kwano ba, mutanen da kika tara ne, maƙwabtan da kika yi wa alheri, da 'ya'yan da suka ga yadda kika riƙe tsofaffin gabanki. Tun yanzu ake wannan yaɓen, tun sama ba ta haɗa hadari ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu, ya sa mu yi tsufa mai amfani cikin mutuncinmu da jama'armu, ya sa mu cika da imani. Amin summa amin.